Kokowar kaka don 'yan matan lakwal: za ta yiwu ko wahalar banza ce?

Mushe Lawali:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma a faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, ina koyarwa a wani ƙauye cikin jahar Maradi ta Nijar, ajin ƙarshe na firamare nake riƙe da shi. Kowace shekara 'yan mata suna wucewa zuwa kwaleji, amma kwalejin tana garin magajin gari, ba tafiyar da yarinya za ta yi kullum da ƙafa ba ce. Wadda ba ta da dangi a can ba ta da mai riƙo. Kafin a yi hutun farko mafi yawansu sun dawo gida, daga nan sai talla, daga talla sai aure. In na kira taron iyaye, mata ne ke cika aji, maza kuwa sai a ce sun tafi kasuwa, alhali su ke yanke magana. Amma ranar da aka buga gangar kokowa bayan girbi, ko mai ciwon ƙafa sai ya iso fage.

Shi ne ni da samarin gari muka ce mu shirya kokowa tsakanin garuruwan da ke kewaye da mu, mu gayyaci rugagen Fulani ma, don daminar bana an so a taɓa juna a kan burtali. Kuɗin ƙofa da abin da masu hali suka bayar a kama gida a garin kwaleji, a sa dattijuwa ta zauna da yaran. Me kuka gani?

Abba na Fagge:
Wa alaikumus salam. Mushe, ka kawo shawara mai kyau, ni dai ina bayanka. Amma me ya sa ba dambe ba? Dambe ya fi tara mutane wallahi. Zo gidan dambe a Sabon Gari da yamma ka ga yadda ake biyan kuɗin ƙofa ba ciniki.

Ɗan Gobir:
Abba, ana maganar zaman lafiya kana kawo wasan da in an ka da mutum sai a ce an kashe shi? Ka bar mana kokowarmu. Mu nan ba bakuwa ba ce a wannan aiki. Tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa zamanin Seyni Kunce, Kantu na Maradi ya ɗauka, dalilin kafa ta ke nan, a haɗa 'yan ƙasa wuri guda. Yau jahohi takwas ne, kowace ta kawo 'yan kokowa goma, tamanin ke nan, ana zagayawa da ita jaha bayan jaha. Kwanakin nan na Takobi, wato gasar, don takobi ake ba gwani, ko ofis ka je sai ka tarar an kewaye rediyo ko talabijin. Bazabarme, Bahaushe, Buzu, Babarbare, Bafillace, kowa bakinsa guda. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi sau shida, ka je Damagaram ka ga yaran da ke kiran sunansa a wasan ƙasa. Wane ɗan siyasa ne ya taɓa samun wannan?

Hajiya Maman Nafisa:
Mushe Lawali, sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ka. Na riƙe lakwal ta 'yan mata a Damagaram kafin in yi ritaya, don haka bari in taɓa inda ba ku taɓa ba. Ranar kokowa ina 'yan matan suke? Ku da kuke zuwa fage ku faɗa. Suna bayan taro da tire a ka, gyaɗa, rogo, ƙosai, ruwan sanyi. Uwa ta san ranar ciniki ce, ba za ta bar yarinya ta zauna ba. A tashi wasa bayan magariba, baƙi sun cika gari, yarinya ba ta dawo ba sai dare ya yi nisa tana bin bashin ƙosai. Yawancin maganar "gara a yi mata aure kafin ta jawo mana abin kunya" a irin waɗannan darare take samo asali. To kada ku je neman kuɗin karatunsu ku ƙara wa iyayensu dalilin cire su.

Ba cewa nake kada a yi ba. Cewa nake, in ba ku tsara wannan ba, kun yi wa maza biki ne da sunan mata.

Mushe Lawali:
Hajiya, na gode. Wannan magana ta shige ni. To ya kuke ganin za a yi da tallar? In muka hana, iyayen mata za su juya mana baya, kuma su ne kaɗai ke zuwa taro.

Hajiya Maman Nafisa:
Kada ka hana ciniki, ɗana, hana yawo za ka yi. A kafa rumfa gefe guda, manyan mata su zauna da kayansu, mai saye ya zo ya same su. A fara wasa bayan azahar, la'asar sakaliya a naɗa gwani, kafin magariba kowa ya kama hanyar garinsu. Maigari ya sa a yi shela tun da wuri. Ciniki ba zai ragu ba, mai yunwa zai nemo rumfa.

Malam Abdurrahman:
Assalamu alaikum. Niyya mai kyau ce, amma niyya ba ta halatta hanya. Ita kokowa a kanta babu laifi, ya zo cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi kokowa da Rukana ya kayar da shi. Abin dubawa shi ne abin da aka lulluɓe ta da shi a yau: layu da guraye da kambuna har mutum ba ya iya sunkuyawa, binne-binne a fage, kwalaben rubutu ana sheƙawa a ka, cinyoyi a waje, caca a bayan taro, maza da mata a cakuɗe. A kan wannan za a gina karatun 'ya'yan Musulmi? In kuɗi kuke nema, ku zo masallacin Juma'a a yi wa'azi a nemi taimako. Karatun mata ba baƙon abu ba ne da sai an yi masa ganga. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajoji, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a gidajensu, 'yan taru ke nan, tun kafin Bature ya ci ƙasar nan.

Ɗan Gobir:
Allah ya gafarta Malam, ai wa'azin ana yi. Shekara nawa ana yi? Wanda Mushe ke nema shi ne mutumin da ke fita masallaci da an yi sallama, bai tsaya jin sanarwa ba. Shi wannan a fage kaɗai ake kama shi zaune.

Malam Abdurrahman:
A kama shi zaune ya ji me? Muryar mushe ko muryar makaɗi? Mutumin da ɗan garinsu ke cikin fage ba ya jin ko kiran sunansa.

Falmata Diffa:
Malam ya faɗi gaskiya a nan, ko da ban bi shi a sauran ba. Mu a Diffa mun ga duka biyun. An kawo mana Takobi a 2014, gari ya yi kyau, baƙi ko'ina. Fabrairun 2015 Boko Haram suka afka wa Boso da Diffa, aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan moto, aka tsayar da cinikin kifi da tattasai, makarantu da yawa a bakin Komadugu suka rufe. Kokowa ba ta tare harsashi ko ɗaya ba. Amma da aka sake kawo ta ƙarshen 2022, ban iya kwatanta muku abin da mutane suka ji ba. 'Yan jahohi bakwai sun zo sun kwana garinmu, sun ci abincinmu, sun koma lafiya. Mutanen da suka ɗauka an manta da su suka ga ba a manta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai allunan da ƙungiyoyi ke ratayawa a fage, "a sa 'ya mace lakwal", "zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki", da Faransanci rabinsu, wa ke karantawa? Wanda ya iya karanta allon ai ya riga ya sa 'yarsa.

Zainab Bakabiya:
Ina bin ku tun ɗazu, bari in kawo namu na Argungu don ana yawan kafa misali da shi ba daidai ba. Mutane na cewa bikin kamun kifi ne ya sasanta Kabawa da Sakkwato. A'a. Yaƙin ya riga ya ƙare, manya sun riga sun yi magana, sannan a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa kamun kifi a kogin Matan Fada don girmamawa. Bikin shaidar sulhu ne, ba shi ya ƙulla sulhun ba. Daga baya ne ya girma, aka haɗa da kabanci, wato wasannin ruwa, da kokawa da dambe, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Kuma da tsaro ya lalace bikin da kansa ya tsaya wajen shekara goma, sai 2020 aka dawo da shi. Shekara guda bayan nan, Yunin 2021, aka kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri, cikin jihar nan tamu, wasu 'yan matan sai 2023 suka ga gida.

Don haka Mushe, maganar burtalin nan, in ba a zauna an kashe ta ba kafin ranar, kada ka tara mutanen da ke jin haushin juna wuri guda, ka sa makaɗi yana zuga su, sannan ka ce Allah ya kiyaye.

Bello ɗan Arɗo:
Yaya Zainab, Allah ya yi miki albarka, kin riga ni. Mushe, ba mu san juna ba, amma ni ma ɗan jahar ne, a ruga aka haife ni. Ka ce za ku "gayyaci" Fulani. Mu zo mu yi me? Mu tsaya a baya da sandunanmu muna kallo, samarin gari suna harararmu? Ko mu sa yaronmu a fage, ƙaton manomi ya ɗaga shi ya buga da ƙasa, gari ya ɗauki ihu "an ka da Bafillace"? Daren nan ba za a kwana lafiya ba. A jaharmu ba a wasa da wannan. Duk wanda ya girma a Maradi ya ji labarin Toda, Oktoban 1991, fiye da mutum 100 aka kashe, mafi yawa mata da yara, kuma daga rigimar gona da shanu abin ya tashi.

Hanya tana nan a doka tun 1993, akwai kwamitocin kula da filaye har a ƙauyuka. Maigari da arɗo da 'yan kwamiti su bi burtalin da ƙafa, a ga inda gona ta ci hanya, a kafa alama, wanda aka yi wa ɓarna a biya shi. Kuma kada ku sa rana sai bayan hukuma ta yi shelar sakin gonaki. Kafin nan zukata a tsaye suke, wake na gona, shanu na dawowa daga arewa.

Abu na biyu. Kuna ta cewa 'yan matan gari. Namu fa? Yarinyar ruga ko ajin farko ba ta gama ba ake tashi da ita. In gidan nan zai karɓi tamu ko guda biyu, to kun ba arɗo dalilin zuwa da kansa, ba aike ba.

Mushe Lawali:
Malam Bello, ka yi mini gyara babba. Akwai yaran ruga a ajina, kuma cikinsu akwai yarinyar da ba mai kama ta a lissafi. Gidan na kowa ne.

Abba na Fagge:
To kun ga inda damben da kuka raina zai yi muku rana. Mu a gidan dambe ba a cewa gari kaza da gari kaza, ko ƙabila kaza. Ɓangare ne: Kudu, Arewa, Guramaɗa. Za ka ga 'yan gari ɗaya a ɓangare daban-daban, wanda ya kashe wani yau gobe tare za ka gan su suna cin abinci. In an yi turmi uku ba kisa a raba su, a tafa. Ku ma ku cakuɗa su mana.

Sa'idu ɗan Baba Tanko:
Ina karanta wa Baba abin da kuke rubutawa, ya ce in rubuta nasa yadda ya faɗa. Ya yi kokowa a ƙuruciyarsa, ya zagaya garuruwa har cikin Najeriya. Ga maganarsa:

"Ka gaya wa Mushe, yaron Kano ya yi gaskiya. Kada ya raba fage gari da gari. Ya raba gabas da yamma, ya bi da layin ta tsakiyar kowane gari da kowace ruga, yadda in an yi kaye ba wanda zai ce garinsu aka kayar. Mu da muna zuwa gari kokowa, a gidan abokin karawarka ake saukar da kai. Uwarsa ke dama maka fura da safe, da yamma ka ka da ɗanta, da dare ka dawo ka ci tuwonta. Wanda ya kayar shi ke miƙa hannu ya ɗaga wanda ya faɗi. Abin da ya hana faɗa ke nan, ba jandarma ba. Yanzu an bar saukar baƙi a gida, kowa ya zo a mota ya koma a mota, shi ya sa kuke ganin jifa.

"Kuma kada mushe ya karɓi lasifika ya yi jawabi, ba mai saurarensa. Ya je wurin makaɗi tun da saura kwanaki, ya kai masa goro, ya ba shi sunayen mutanen da 'ya'yansu mata ke kwaleji. In an zo tsakiyar wasa makaɗi ya kama sunan mutum, wane ɗan wane, uban 'yar lakwal, wanda bai karɓi sadaki ya sayar da alƙalami ba. Ka ga mutumin nan ya tashi yana kari, maƙwabcinsa na zaune yana jin ciwon ba a kira shi ba. Bahaushe abin da ba zai yi don wa'azi ba zai yi shi don kada a wasa wani a bar shi. Cali-cali, masu ban dariya a fage, su ma a gaya musu, su kwaikwayi uban da ya kai 'yarsa asibiti yana rantsuwa namiji ba zai duba ta ba, alhali shi ya cire ta daga aji. A yi dariya, amma kowa ya san da wa ake."

Ya ce in ƙara da cewa maganar layu Malam ya yi haƙuri, shi ma ya ɗaura, kuma an kayar da shi da su a jikinsa.

Malam Abdurrahman:
A gaida Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ya faɗi gaskiya a kan layu da bakinsa, na gode masa. Amma aikin da aka yi don a wasa mutum, ina ladarsa?

Hajiya Maman Nafisa:
Allah ya gafarta Malam, ladar uban tsakaninsa da Ubangijinsa. Ni yarinyar nake kallo. Ƙididdigar UNICEF ta ce cikin 'yan matan Nijar 100, 76 ana aurar da su kafin shekara 18, 28 kafin shekara 15. An sa hannu kan doka a Disamban 2017 don kare karatun 'ya mace, takarda ce mai kyau, amma takarda ba ta ba yarinya wurin kwana. Da Bazoum ya hau a 2021 ya ɗauki maganar gidajen kwanan 'yan mata da ƙarfi, aka fara da irin na Kelle a Gure, don kowa ya gane ciwon a nan yake: ba ƙin karatu ne ya fi yawa ba, tsoron inda yarinya za ta kwana ne. Kafin irin wannan gida ya iso ƙauyen Mushe, ajin bana sun yi 'ya'ya. In kirarin makaɗi zai sa uba ya bar ta ta kai birbe, jarrabawar ƙarshen kwaleji, a yi masa kirarin.

Nura Zariya:
Ni tambayata, me zai hana matan su shiga fage su ma? A Kasamas ta Senegal mata na kokawa tun kaka da kakanni, Isabelle Sambou daga can ta fito har ta je gasar Olamfik. In ana so a nuna mace na iyawa, a nuna a fili.

Abba na Fagge:
Bazazzagi ke nan, ana gyara yana kwancewa. Wa ya ba bawa waya?

Nura Zariya:
Abba, ka bari manya na magana, ku da kuka iya ciniki kawai.

Hajiya Maman Nafisa:
Nura, can al'adarsu ce, sun gada. Ka sa budurwa ta ɗaura walki a karkarar Maradi, ranar za a rufe lakwal ɗin gaba ɗaya, Mushe kuma ya nemi motar gida. Ƙananan yara mata su yi gaɗarsu da safe a filin lakwal, iyaye mata su kalla, a ba su littafi da sabulu. Ya isa.

Mai kula da zaure:
Jama'a a riƙa taƙaitawa, kuma Kanawa da Zazzagawa ku kai wasanku waje. An goge saƙonni biyu da suka shiga siyasar sojoji da farar hula, ba ita ta tara mu ba. Saura maganar kuɗi ba wanda ya taɓa.

Falmata Diffa:
Ita ce mai kashe irin wannan aiki. Kuɗin ƙofa a ƙauye ba su da yawa, fage ba katanga, yara ta ƙarƙashin zana za su shige. Ka cire na makaɗa, na alƙalan wasa, na abincin baƙi, kyautar gwani, me ya rage? Kuma kada kuɗi su kwana a hannunka, Mushe, ko dala ɗaya. Kai baƙo ne, ma'aikaci, gobe ana iya canza maka wuri, kuma ranar da aka nemi jika guda aka rasa sunanka ya ɓaci. Ƙungiyar iyaye mata ta riƙe, da mutum guda na maigari da guda na arɗo, a ƙirga a gaban jama'a kafin a watse.

Bello ɗan Arɗo:
Ku daina kallon kuɗi kaɗai. Da kaka mutane hatsi gare su. Abin da ke sa mai riƙo ya gaji da yarinya ai ciyarwa ce. Kowane ɓangare ya shigo fage da dammunan geronsa a kai, a jera, makaɗi ya ƙirga da ƙarfi, gabas ta kawo kaza, yamma ta kawo kaza. Za ka ga mutum ya aika gida a ƙaro don kada a fi su. Mu kuma ba mu da rumbu, amma tunkiya ba za ta gagara ba. Zan yi wa tsohona maganar, ya san arɗon wajenku ko da ta wajen auratayya.

Zainab Bakabiya:
Kuma shekara ɗaya ba komai ba ce. Kwaleji shekara huɗu ce a wajenku ko? To wanda ya kai 'yarsa bana yana so ya san baɗi ma akwai tuwo. In ba za ku iya maimaitawa duk kaka ba, gara ku ɗauki yara kaɗan da za ku iya kai wa ƙarshe.

Ɗan Gobir:
'Yan siyasa za su zo, ka sani. Ka karɓi abin da suka kawo a rubuta, amma kada a ba kowa lasifika.

Malam Abdurrahman:
Ni har yanzu ban gamsu da kiɗan ba, kuma ba zan je fage ba. Amma in an kama gidan, ku nemi matar da ta san addini ta zauna da su, a sa musu karatun Alƙur'ani bayan magariba, limamin garin ya san da zamansu. Uban da ke tsoro, wannan zai fi kwantar masa da hankali fiye da waƙa. Buhu ɗaya na gero daga wurina, a turo mini ta inda zan aika.

Mushe Lawali:
Allah ya saka da alheri, Malam, za a sanar da ku ta hannun matan. Jibi kasuwa, zan samu maigari in fara da maganar burtali, sauran sai ta biyo baya. Malam Bello, zan neme ka ta akwatin sirri. Sa'idu, tambayi Baba, alƙalin wasa fa? Samari na cewa a ɗauko ɗaya daga kowane ɓangare.

Sa'idu ɗan Baba Tanko:
Ya ce ko kusa. Ku je Maradi ku ɗauko wanda ba shi da ƙanwa ko suruki a garuruwan nan, ku biya shi kuɗin motarsa tun kafin ya busa usur. Kuma a faɗa wa kowa ƙa'idar kaye kafin a fara, gwiwa biyu ne ko hannu da gwiwa, don a nan rigima ke tashi.